Wace fassarar Rigveda ya kamata ka saya?

Kafin ka fitar da kuɗinka, ka san girman abin da kake nema. Rigveda, littafin addinin Hindu mafi tsufa, waƙoƙi 1,028 ne a harshen Sanskirit na tsohuwar Indiya, an kasa su kashi 10 da ake kira mandala. An tsara su a yankin Punjab wajen shekara ta 1500 zuwa 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da ka aka riƙa haddace su, daga malami zuwa almajiri, tun kafin a rubuta su. Mafi yawanmu ta Turanci za mu karanta, kuma fassara uku ce ta fi yawo a kasuwa.

Ta Ralph Griffith, wadda ta fara fitowa a 1889, cikakkiya ce kuma kyauta take a intanet. Sai dai Turancinta ya tsufa, kuma wasu baitocin da ya ga sun yi batsa ya juya su zuwa Latin. Ka lura da masu sake buga ta da sabon bango. Duba sunan mai fassara kafin ka biya kuɗin abin da za ka samu kyauta.

Ta Wendy Doniger, bugun Penguin na 1981, ita ce mai araha da daɗin karatu, ga bayani a kan kowace waƙa. Amma waƙoƙi 108 kacal ta zaɓo, da yawansu daga mandala ta 10, inda ake samun waƙar asalin halitta da waƙar Purusha mai ambaton azuzuwan al'umma huɗu. Wannan kashin yana cikin na baya-bayan nan. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka Rigveda falsafa ce zalla, alhali mafi tsufan ɓangarensa, mandala ta 2 zuwa ta 7, yabon alloli ne irin su Indra da Agni, da roƙon shanu, 'ya'ya maza da nasarar yaƙi a gaban wutar hadaya. Ga mai son fahimtar addinin Hindu na farko, a ganina wannan giɓi babba ne.

Ta Stephanie Jamison da Joel Brereton, bugun Oxford na 2014, juzu'i 3 ce, cikakkiya, kowace waƙa da gabatarwarta. Tana da tsada ƙwarai. In kundin digiri kake rubutawa, ita za ka nema, ko da a ɗakin karatu na jami'a ne. In kuwa ɗanɗanawa kawai kake so, sayi ta Doniger, ka buɗe ta Griffith a waya ka karanta mandala ta 2 zuwa ta 7 tare da ita.