Agogon Casio Pro Trek ɗina: ashe nauyin iska yake aunawa

Wata 8 kenan agogon nan yana hannuna, Casio Pro Trek PRG-270, ɗan gwanjo na samu amma lafiyarsa ƙalau, kuma tunda mutane suna ta tambayata ko ya ci kuɗinsa bari in faɗi abin da na gani. Yana da kamfas, yana nuna zafin gari, yana auna nauyin iska, sannan yana faɗa maka tsayin inda kake daga doron teku. Da hasken rana yake caji, tunda na saya ban taɓa buɗe bayansa ba, ruwan alwala kuma ba ya masa komai.

Ranar farko a Kano na danna wajen nauyin iska ya nuna min hektofaskal 958 (ma'aunin nauyin iska kenan), na duba manhajar yanayi a wayata ta ce 1012. Gaskiya raina ya ɓaci, na ɗauka mataccen kaya aka sayar min. Sai da wani yayana da ya daɗe yana aikin yanayi a filin jirgi ya karɓa ya duba, ya ce ƙanena kwantar da hankalinka, dukansu gaskiya suka faɗa. Agogon ainihin nauyin iskar da ke kanka yake faɗa a nan inda kake tsaye, ita kuwa waya lissafi aka yi mata aka mayar da lambar kamar kana bakin teku. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tsayin kusan mita 476, kuma duk mita 8 da ɗoriya da ka hau iska na raguwa da hektofaskal 1, ka lissafa da kanka, 50 da 'yan kai ɗin nan da suka ɓace ga inda suka shiga.

Daga nan ne ya buɗe min abin da ya sa na ƙara son agogon, wai irin wannan rigimar matuƙan jirgi suke fama da ita kullum, don na'urarsu ta tsayi ita ma iska take aunawa, sai an gaya mata daga ina za ta fara ƙirga. In matuƙi ya saka QFE, wato nauyin iskar filin jirgin kansa, allurar za ta nuna sifili idan taya ta taɓa ƙasa. In ya saka QNH, wato nauyin iskar da aka mayar kamar na bakin teku, yana sauka za ta nuna masa tsayin filin daga teku, ita ce lambar da ake gani kamar Q1012 a rahoton yanayin filin jirgi mai suna METAR da ma'aikatan hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa, masu hasumiya kuma su karanta wa matuƙi. To idan jirgi ya lula sama ya wuce wani tsayi da aka ƙayyade, kowa sai ya bar na garinsu ya saka 1013.25, a Amurka da inci suke faɗa, 29.92, kuma a ƙafa 18,000 suke canzawa. Wannan hikimar wallahi ta burge ni, domin ko da lambar ba ta yi daidai da iskar ranar ba, jiragen duka kuskure iri ɗaya suke yi, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu ba ta taɓuwa. Shi ya sa FL350, wato inda allurar ke nuna ƙafa 35,000 da wannan setin, ba lallai ƙafa 35,000 cif daga teku ba ne. Su kuma masu zana taswirar yanayi suna da tasu lambar ta bakin teku, QFF, da ake lissafawa da ainihin zafin ranar.

Mu dawo kan agogo. Shi ma daga nauyin iska yake lissafin tsayi, da wani ma'auni na duniya, wanda ya ɗauka a bakin teku iska 1013.25 ce, zafi digiri 15, kuma duk mita 1,000 sanyi na ƙaruwa da digiri 6.5. Ina Kano ina digiri 15 a watan Afrilu? Don haka sai ka riƙa yi masa seti. Na sha ajiye shi kan tebur da hantsi, in dawo da la'asar in ga ya ƙara min mita 20 ko 25 alhali ko motsi bai yi ba. Ba lalacewa ba ce, a yankinmu iska na yin nauyi wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ta yi sauƙi wajen 4 na yamma da 4 na asuba, kullum haka. Abin da nake yi yanzu, kafin in kama hanya sai in saka masa tsayin wurin da na tabbatar, kamar yadda matuƙi ke karɓar QNH kafin ya tashi.

Inda ya fi yi min daɗi hanyar Jos ce. Daga Saminaka ka nufi Jengre lambar ta fara hawa a hankali, kunnenka na toshewa agogon na ƙirgawa, kana shiga Jos ya haura mita 1,100 nauyin iska ya faɗo ƙasa da 890. Yaran da ke motar har rigima suke a kan wa zai riƙe. A Dutsen Shere na lura yana ɗan rage min hawan da na yi, yayana ya ce haka ne, iska mai zafi buɗewa take, duk digiri 10 da zafin gari ya haura na wancan ma'aunin na duniya lissafin na gazawa da kusan kashi 4 cikin 100.

Wajen zafin gari sai ka cire shi daga hannu ka ajiye minti 20 zuwa 30, takardarsa ma ta faɗa, in ba haka ba zafin jikinka zai haɗa. Wanda kuma yake son ya saya don ya riƙa sanin za a yi ruwa, ina ba shi shawara ya haƙura. Hadarinmu na damina ba ya jira iska ta yi ta sauka kwana biyu kamar na Turai, sau da yawa ma sai guguwar ta iso za ka ga lambar ta yi tsalle sama, duban gabas ya fi shi saurin ba ka labari. Amma mai yawo a duwatsu, ɗalibin safiyo, ko yaron da ke burin shiga makarantar tuƙin jirgi ta Zariya, ni dai na ce ya saya, ya fara koyon seti tun daga tsakar gidansu.