Na je gidan tarihin Kelkar a Pune, wajen da aka tara kayan kicin da kayan ɗaki na mutanen da

Duk wanda hanya ta kai shi garin Pune a Indiya, ko karatu ko jinya ko ziyara, dan Allah ya ware rabin yini ya je gidan tarihin Raja Dinkar Kelkar. Ni dai ban yi da-na-sanin kuɗin tikiti ba ko kaɗan, kuma in na sake samun hali zan koma. Ƙanina ne da yake karatu a can ya kai ni, shi ma wai bai taɓa shiga ba duk zamanshi a garin, sai da na matsa mishi sannan muka tare a-daidaita-sahu muka nufi tsohon gari, unguwar da ake ce ma Shukrawar Peth, kusa da titin Bajirao. Lungu ne sosai, ga babura ta ko'ina, daga waje ba za ka taɓa cewa akwai irin wannan dukiya a ciki ba.

Abun da ya sa wajen ya bambanta da sauran gidajen tarihi shi ne mutum ɗaya ne ya tara kayan da kuɗinshi da ƙafarshi. Dinkar Kelkar, an haife shi 1896 ya rasu 1990, marubucin waƙa ne a yaren Marathi, ya fara tara kayan nan wajen 1920 yana ajiyewa a gidanshi, yana bin ƙauyuka da garuruwa yana siyan abun da mutane suka gaji da shi. Raja ɗin da ke jikin sunan kuma ba sarauta ba ce, sunan ɗanshi ne da ya rasu yana ƙaramin yaro, sai ya sa ma wajen sunan yaron. Wannan ya taɓa min zuciya gaskiya, duk uwa ko uban da ya taɓa rasa ɗa zai gane. A 1975 ya miƙa kayan ga gwamnatin jihar Maharashtra, a 1981 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Shri. Kayan sun haura 20,000 amma wajen 2,500 ne kawai aka fito da su ake gani, saura suna ajiye, kuma wallahi waɗannan ɗin ma sai da ƙafata ta yi sanyi kafin mu gama bene ukun.

Da shiga za ka fara cin karo da ƙofofi da tagogi na katako da aka ciro daga tsofaffin gidaje, sassaƙa kan sassaƙa, furanni da tsuntsaye da giwaye. Suna da kyau, amma ban daɗe a nan ba, irin su ana gani a wasu wuraren.

Inda na maƙale shi ne ɓangaren kicin. Ƙanina har cewa ya yi "Yaya, in kika tsaya ma kowane ludayi haka magariba za ta same mu a nan", na ce mishi ya yi gaba zan same shi. Akwai wata wuƙa da suke ce ma vili, ita ba a riƙe ta a hannu, ƙarfe ne lanƙwasasshe da aka kafa a tsaye jikin wani katako, mace za ta zauna a ƙasa ta danne katakon da ƙafa sai ta kamo kayan miyan da hannu biyu tana tura shi kan kaifin, a can saman ƙarfen kuma akwai wani ɗan faifai mai haƙora da ake kankare kwakwa da shi. Har yau ana amfani da irinta a gidaje a can, amma na wajen nan an yi musu siffa, wata wuyan tsuntsu ce wata kan dabba. Na tsaya gaban ɗaya ina kallon katakon, inda ƙafa take dannewa ya lotsa ya yi sulɓi yana sheƙi, ka san mata nawa ne suka zauna a kai kafin katako ya cinye haka? Babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a ko'ina, amma ga aikinsu nan a fili. Sannan ga injin matse taliya na hannu, ga manyan tukwanen tagulla, ga ludaya masu dogon mariƙi, ga akwatunan kayan yaji masu gida-gida a ciki.

Wani abu da na ƙaru da shi kan tukwanen nan, mutanen da sun san cewa abu mai tsami kaman tsamiya ko nono in ya zauna cikin tagulla ko jan ƙarfe yana ɓata abinci har ya cutar, shi ya sa ake shafe cikin tukunyar da kuza. Akwai masu wannan sana'ar musamman, kalaiwala ake ce musu, suna yawo unguwa-unguwa, su gasa tukunya a wuta su barbaɗa wani farin gari su narka kuzar su goge da auduga, nan take ciki ya koma fari tas, bayan wasu watanni ya goge a sake. To da kwanukan silba suka shigo, masu sauƙin wanki marasa buƙatar wannan hidimar, sai gidaje suka dinga kwashe na da suna siyarwa a kilo, ana narkawa. Abun da ya ɗauki maƙeri kwanaki yana bugu sai a ɗora a sikeli a biya kuɗin nauyinshi kawai. Duk abun da ke cikin gilasan nan da ba a tsince shi ba da tuni ya shiga wuta, ni wannan ne ya fi tsaya min a rai a duk ziyarar, kuma shi ya sa nake ganin girman mutumin nan. Takubban sarakuna kowa zai ajiye, amma wa yake tunawa da abun kankare kwakwa?

Sai ɓangaren abun yanka supari. Mutanen Indiya suna da al'adar tauna ganyen paan, ana shafa mishi farar ƙasa da wasu haɗe-haɗe a sa yankakken supari a naɗe, kusan matsayin da goro yake da shi a wajenmu, a ba baƙo, a raba a biki. Shi supari ɗin ɗan itace ne mai taurin tsiya sai da wani abu kaman almakashi ake yanka shi, a Marathi adkitta. To nan fa maƙera suka baje basira. Jere guda, wani doki ne da mahayi, wani aku, wani ɗawisu, wani kifi, wani mace da namiji ne suna fuskantar juna in ka matse mariƙin sai su haɗu. Abu ɗan ƙarami da bai wuce tafin hannu ba amma har idon dokin da linzaminshi an fitar. Da yawa daga irin waɗannan kayan da kakin zuma ake fara ƙera siffar, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin, in ya huce sai an fasa yumɓun kafin a ciro, kenan ba za ka samu biyu iri ɗaya sak ba.

Kayan kwalliyar mata ma na daɗe a kai. Matsefai na katako da na hauren giwa, tandun kwalli, madubai, ƴan kwalaye na jan garin da matansu suke ɗigawa a goshi, da kuma vajri, abun goge kaushi na tagulla, ƙasanshi karsa-karsa ne samanshi kuma an ɗora mishi tsuntsu ko giwa a matsayin mariƙi, wasu har da ƴan duwatsu a ciki da suke kacau-kacau in ana gugar. Kai jama'a, abun goge kaushi fa! Mutanen nan ba su yarda abu ya zama mai amfani kawai ba, sai ya yi kyau kuma.

Fitilu kam ba a magana, irin aci-bal-bal masu mai da lagwani, na ratayewa da sarƙa, na ajiyewa a ƙasa masu rassa-rassa, na riƙewa a hannu. Yawancinsu suna da alaƙa da ibadar Hindu, kuma gara in faɗa tun yanzu, akwai gumaka da siffofin abun bautarsu da dama a wajen, wanda ya san zai damu da ganinsu to ya sani kafin ya je. Ni dai kallon tarihi da aikin hannu na je. Akwai kuma kurtun tawada da gidan alƙalami kala-kala, da tukwanen shisha na da, da kayan kiɗa masu tsirkiya da aka yi ma siffar ɗawisu da kada, da sulke na ɓawon kifi da na fatar kada, nan ne ƙanina ya farfaɗo ya fara ɗaukan hoto.

Abun da mutane suka fi rububin gani shi ne ɗakin Mastani, matar Peshwa Bajirao na ɗaya, babban wazirin daular Maratha da ya rasu 1740. Gidanta yana unguwar Kothrud ne a da, Kelkar ya kwaso ginshiƙan da katakan ya sake haɗa ɗakin a cikin gidan tarihin, da fitilun gilashi masu reto da shimfiɗu da matasai da zane a bango. Yana da kyau ba ƙarya, ya cancanci a tsaya, amma in aka ce in zaɓa ni dai kicin ɗin nan zan koma. Ɗakin gimbiya ko ba a faɗa maka ba ka san zai yi kyau, mamakin yana wajen kayan talakawa.

Shawarata ga mai zuwa, ka je da hantsi kafin motocin ƴan makaranta su iso, ka sa takalmi mara tsini saboda hawa da sauka, in kana tare da dattijo ko mara lafiya ka yi lissafin benen. Kuɗin shiga na baƙi ƴan ƙasar waje ya fi na ƴan gida kaman yadda yake a yawancin irin wuraren nan a Indiya, ɗaukan hoto ma akwai kuɗinshi daban, ka biya tun a ƙofa don za ka so ɗauka. Awa biyu ne mafi ƙaranci, mai son kallo a tsanake ya ware uku. Yara ƙanana za su iya gajiya da wuri amma waɗanda suka ɗan tasa za su ji daɗi musamman wajen kayan kiɗa da makamai.

In ka fito kuma kar ka wuce gida kai tsaye. Kasuwar Tulshibaug tana nan kusa, ana siyar da kayan kicin har da na tagulla da jan ƙarfe sababbi, can na siyo ƴar buta da kofuna biyu. In da sauran ƙarfi a jikinka ka ƙarasa Tambat Ali a Kasba Peth, layin maƙeran jan ƙarfe ne tun zamanin Peshwa, har yanzu akwai gidajen da suke bugun tukwane da guduma suna fitar da ƴan ɗigo-ɗigon nan a jiki layi-layi, ana iya siya a hannunsu kai tsaye, kuma daga tashar jirgin ƙasa ta Pune duka wuraren nan ba nisa a a-daidaita-sahu.