Hattara da jabun fawa fak da ake cusa wa masu haɗa kwamfutar gem

Akwai wani salon damfara da ake yi a shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na masu sayar da kayan kwamfuta. Za a tallata katin girafik, a ce RTX 3060 ko RX 580, sai a ƙara da cewa duk wanda ya saya za a haɗa masa da fawa fak, wato PSU, akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, mai wat 750 ko 850 a rabin kuɗi, wani lokaci ma a ce gyara ce. Kwali yana sheƙi, ga tambarin 80 Plus Gold a jiki, ga fanka mai fitilu kala-kala. Abin da ke cikin akwatin kuwa da ƙyar zai iya ba da wat 250, kuma ranar da zai mutu ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Yana iya jan katin, ko madabod, ko SSD da duk abin da ke kai.

Babbar lambar da ke gaban kwali ba ta da amfani. Ku ce a ɗauko muku hoton sitikar da ke gefen ƙarfen, inda aka jera +3.3V, +5V da +12V, kowanne da adadin amp a ƙarƙashinsa. Layin +12V ne ke ciyar da firosesa da katin girafik, don haka shi ne abin dubawa. Lissafin ba wuya: bolt sau amp shi ne wat. Idan an rubuta 18A a ƙarƙashin +12V, 12 sau 18 ya ba da wat 216, ko da an zana 850W da manyan baƙaƙe a sama. Masu jabu sukan kumbura lambobin +5V da +3.3V, su tara su duka don jimillar ta yi kauri, alhali kwamfutar yanzu kaɗan take sha daga waɗannan layuka. Fawa fak na kirki mai wat 550 yakan ba da kusan 45A a +12V, wato kusan duk ƙarfinsa a nan yake.

Yanzu a auna da buƙata. RTX 3060 yana cin wat 170. Firosesa Ryzen 5 5600 yana kaiwa wajen wat 76 idan an matsa masa. A ƙara wat 40 zuwa 50 na madabod, RAM, SSD da fankoki, an tashi kusan 300, wato 25A. Mai 18A ba zai ɗauka ba. Kuma katin girafik ba ya shan wuta daidai wa daida, yakan fizga sama da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, shi ya sa Nvidia ta ce a sa wat 550 ga RTX 3060, 650 ga RTX 3070, 750 ga RTX 3080. Alamar farko ta ƙarancin wuta ita ce kwamfuta ta yi lafiya lau a kallon bidiyo, amma da an shiga gem mai nauyi sai ta ɗauke ɗif ta sake tashi. Mutane da yawa a nan sukan zargi Windows ko katin, su yi ta sake diraba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, a banza.

Tambarin 80 Plus kuma sitika ce da kowa zai iya bugawa. Na gaskiyar kamfanin CLEAResult ne ke kula da shi, kuma yana da jerin duk samfurin da aka gwada a shafinsa. Ku nemi ainihin lambar samfurin a can. Idan babu, tambarin ƙarya ne. Ko na gaskiyar ma abin da yake nunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi, misali Gold yana nufin kashi 90 cikin ɗari a rabin lodi a gwajin bolt 115. Ba shaida ba ce cewa akwai kariya. Kariyar ana rubuta ta daban: OCP, OVP, OPP, SCP, OTP. Su ne ke kashe fawa fak idan lodi ya yi yawa, ko wuta ta haura, ko waya ta haɗu, ko zafi ya wuce kima. A jabu galibi an cire yawancinsu don rage kuɗi, sai ya ci gaba da turo wuta har wani abu ya yi hayaƙi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne zafi. Masu araha a zafin digiri 25 na Celsius ake gwada su, nagari kuwa a 40 ko 50. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ɗaki ba AC, ya san iskar da fankar ke shaƙa ta yi nisa da 25, kuma ƙarfin da fawa fak ke iya bayarwa raguwa yake yi idan ya ɗau zafi. Ga kuma wutar NEPA da ke hawa da sauka, ga canji zuwa janareta. Wanda aka rubuta masa 100-240V yana jure wannan fiye da mai ɗan jan makunni na 115/230 a baya. Wannan makunnin tsohon yayi ne, ganinsa a kan abin da aka ce sabon Gold ne ya isa shaida. Idan kuma kayan Amurka ne na hannu aka bar shi a 115, aka jona a wutarmu ta 230, nan take zai fashe.

Idan kaya na gabanku, ku taɓa wayoyin. A jikin robar ana rubuta kaurinsu: 18AWG shi ne daidai, 16AWG ya fi, 20 ko 22 sun yi siriri ga katin gem. Wasu robar ce mai kauri, zaren ciki kuwa 'yan silla ne na alminiyam ko ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe. Ku kanga maganaɗisu a tsakiyar wayar, jan ƙarfe na gaske ba ya kamawa. Nauyi a da alama ce mai kyau, amma an sha samun waɗanda aka liƙa wa guntun ƙarfe ko siminti a ciki, don haka sakayau shaida ce ta jabu, nauyi kuwa ba shaidar kirki ba ne. Kada dai ku kwance murfin don leƙawa. Babban kafasitan da ke ciki yana iya riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare soket.

Sai batun adafta. Fawa fak da ya ce wat 750 ne amma ba shi da filogin PCIe mai fil 8 ko ɗaya, mai shago ya ce ba komai ga adafta daga filogin SATA na diski, ku ajiye masa kayansa. Filogi mai fil 8 an yi shi don wat 150, mai fil 6 don 75, na SATA kuwa wat 54 ne iyakarsa a +12V. Narkewa yake yi. Haka fawa fak ɗin da ake cire wa wayoyi: idan na hannu ne aka haɗo da wayoyin wani kamfani, kada a jona. Bakin yana iya shiga daidai amma jerin filolin ya bambanta, sai +12V ya faɗa inda +5V ya kamata, diski ya ƙone a daƙiƙa guda.

Gwajin da 'yan damfara suka fi so shi ne su haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe, fanka ta juya, su turo bidiyo. Wannan ya nuna yana tashi ne kawai, ba lodi a kansa. Gwaji na gaske sai an ɗaura shi a kwamfuta da katin, a kunna manhajar matsa wa kwamfuta lodi, OCCT ko FurMark, na minti 20 zuwa 30, a sa mitar auna bolt tsakanin waya rawaya da baƙa. Ya tsaya tsakanin bolt 11.4 da 12.6. Ya faɗi ƙasa da haka, ko aka ji warin roba, magana ta ƙare.

Katin ma a duba shi, tunda mai sayar da jabun wuta ba zai ji kunyar jabun kati ba. Akwai tsohon GTS 450 da ake sauya wa suna ya fito a matsayin GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z takan tona irinsa, kuma ganin kafar VGA mai shuɗi a bayansa ya isa a yi shakka. RX 580 na asali yana da "shader", wato ƙananan injinan lissafi na cikin katin, guda 2304. Idan GPU-Z ta nuna 2048, ƙarfin RX 570 kuke saye, sai a biya kuɗin 570.

Wanda ya ce a turo kuɗi duka kafin ya sa kaya a mota, ya ƙi nuna sitikar gefe, ya ƙi kiran bidiyo, ko lambar siriyal ta kwali ta saɓa da ta jikin ƙarfe, a bar shi. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan samfuri, lambar siriyal da kwanakin da aka yarda a dawo da kaya, a kuma yi gwajin lodin a shagon kafin a tura ko sisi.