Kajin ƙwai: 'yan tsaki za ka saya ko masu shirin ɗora ƙwai? Mu duba ta ɓangaren fitar baya

Duk mai son shiga kiwon kajin ƙwai nan Sakkwato sai ya tsaya kan tambayar nan, ya sayi 'yan kwana ɗaya ya rena da kanshi ko ya sayi 'yan sati 16 zuwa 18 da suka kusa fara ƙwai. Ni ta ɓangaren fitar baya zan duba maku, don ita ta ci min kaji bara kuma har yanzu abin na min ciwo.

Kaza in za ta saka ƙwai bakin mahaifarta kan leƙo waje ya koma. In bai koma da wuri ba sai ka ga jan nama a duburarta, shi ake kira fitar baya, 'yan uwanta kuwa da sun hango ja sai su hau caccaka, wallahi wata da safe na tarar da ita hanji a waje, ƙwan ma duk jini a bawonshi.

Masu shirin ɗora ƙwai akwai sauƙi, sati biyu ko uku ka fara ɗiban kiret. Amma ba ka san yadda aka rene su ba. Wanda na saya wajenshi ashe kwana yake da fitila a kunne don su fara ƙwai da wuri, jiki bai ƙosa ba ƙugu bai buɗe ba, ga ƙwai mai gwaiduwa biyu yana zuwa, ina za ta iya? In su za ka saya tafi da sikeli, kar ka tsaya ga maganar sati nawa ne. Irin kajin ƙwan nan da ake kira Isa Brown a wannan lokacin kilo 1.4 zuwa 1.5 ya kamata su kai, kuma ka auna da dama ka ga nauyin ya zo kusa da juna. Taɓa cikin ma, in ya yi tiɓis da kitse a bar ta, mai ƙiba ma bayanta na fita. A duba an datse masu tsinin baki don rage caccaka.

'Yan tsaki kuwa wata huɗu kana ciyarwa ba ko sisi, ga allurai, ga doguwar hanya don yawanci daga Ibadan ake kawo su. Amma fitila a hannunka take, ba za ka ƙara haske ba sai nauyi ya kai, sannan kaɗan kaɗan har awa 16 a rana. Ni yanzu ga 'yan tsaki na koma. Sai dai ka lissafa lokaci, zafin Maris zuwa Mayu na nan garin yana hana su cin abinci, nauyi ya tsaya.

Abinci ma a kula. Girowa, wato abincin masu tasowa, sinadarin kalshiyam ɗinshi (mai gina bawon ƙwai) wajen kashi 1 ne cikin ɗari, leya kuwa, wato abincin masu ƙwai, 3.5 zuwa 4, wanda ya bar su kan girowa bayan sun fara ƙwai don araha ko ya cika buhu da dusa da masara, asara ya saya. Mai haɗa nashi ya sa laimiston, wato garin farar ƙasa, da garin ƙashi daidai awo.

Da ka ga ja a bayan kaza, ware ta nan take, wanke wurin da ruwan ɗumi, a sa ta wuri mai duhu. In abin ya yawaita a garken a nufi asibitin dabbobi na jami'ar Ɗanfodiyo.