Ziyarar karnuka ga masu jinyar sankara: hidima mai amfani, amma da sharaɗi

Hidimar kawo dabbobi su ziyarci majinyata ta daɗe. Ƙungiyar Therapy Dogs International ta soma a Amurka a 1976, Pets As Therapy a Birtaniya a 1983. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: ɗan sa-kai ya zo da karensa wanda aka horar aka kuma jarraba halinsa, ma'aikaciyar jinya ta nuna ɗakunan da likita ya amince, a zauna da kowane majinyaci kamar minti 10 zuwa 20.

Amfaninta a zuciya yake. Wanda ya yi makonni a kwance, yawancin hannun da ke taɓa shi allura ya kawo ko awo. Kare kuwa bai damu da gashin da ya zube ba, bai damu da ramewa ba. Majinyaci ya shafa shi, gabansa ya daina faɗuwa na ɗan lokaci, ya sami abin hira da danginsa wanda ba ciwo ba. A wani bincike da aka wallafa a 2015 daga asibitin Mount Sinai Beth Israel na New York, masu sankarar kai da wuya da ke karɓar kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) tare da gashin haske (ƙona sankarar da haske na musamman) sun ƙara samun kwanciyar rai a makonnin da karnuka ke ziyartarsu, alhali jikinsu na ƙara rauni. A ganinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai kwanciyar rai ya fi jure zuwa karɓar magani.

Sai dai kada a zuzuta. Binciken ƙungiyar kare dabbobi ta American Humane na 2018 a asibitocin yara biyar bai ga bambanci mai yawa a fargabar yara masu sankara da karnuka suka ziyarta da waɗanda ba su ziyarta ba. Iyayen waɗanda aka ziyarta ne damuwarsu ta ragu. Sauƙin na gajeren lokaci ne, ba ya maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa ga mai tsananin damuwa.

Inda ake gane shiri mai kyau shi ne tsafta, domin kemo na rage fararen ƙwayoyin jini, ƙaramar cuta sai ta zama babba. Ƙa'idojin da ƙungiyar SHEA ta masana yaɗuwar cututtuka a asibiti ta fitar a 2015 sun ce karnuka kaɗai, masu aƙalla shekara ɗaya. An cire kyanwa saboda yakushi da wuyar horo. Kowa ya tsaftace hannu kafin taɓawa da bayanta. In kare zai hau gado, a shimfiɗa ƙyalle, a sauya wa kowane majinyaci. Kada ya lashi fuska ko rauni, kada ya kusanci bututun da ke cikin jijiya. Karen da ake ciyarwa da ɗanyen nama ba ya shiga, saboda yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi ba tare da alama ba. Wani matakin kuma shi ne tsakanin ɗaki da ɗaki: gashin kare na kwasar ƙwayar MRSA, wadda ba ta jin magunguna da yawa, daga hannun wannan ya kai wa wancan. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna a 2018 cewa yi wa kare wanka da goge shi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta na kulohezidin yana rage hakan sosai.

Shiri nagari yana tambaya tun daga bakin ƙofa. Akwai mai tsoron kare, akwai wanda kusantar kare ke sa shi ƙaiƙayi ko atishawa, akwai wanda aƙidarsa ba ta yarda ba, kuma a'a ɗaya ta isa. Wanda aka killace, ko wanda aka yi wa dashen ɓargo kwanan nan, ya jira izinin likitansa.

Karen ma yana gajiya. Yawan hamma, lasar leɓe, haki da kau da kai alamun ya ƙosa ne, kuma karen da ya ƙosa shi ke cizo. Shi ya sa SHEA ta taƙaita ziyara zuwa awa ɗaya, kuma mai kare nagari yakan tashi tun kafin lokacin ya cika idan ya ga waɗannan alamu.