Fankokin bayan firigo a motar kwana: sharhi bayan bazara da hunturu

Idan kana da firigo a cikin mota, kuma ka rufe shi a kabad, fankoki biyun nan masu bolt 12 da ake ɗaurawa a bayansa sun ci kuɗinsu. Gaba ɗaya abin da na kashe, har da ladan mai gyara da na mai walda, bai kai kuɗin cika tankin motar sau ɗaya ba. Sai dai fanka ba ta yin sanyi. Iska kawai take turawa, kuma in ba a yi wa iskar hanyar shiga da ta fita ba, zafin nan zai yi ta kewayawa wuri guda, batir yana ƙarewa a banza.

Motata tsohuwar Hiace ce, irin wadda ake jigilar fasinja da ita. Na cire kujerun baya, na sa gado, kabad, farantin sola a sama da batir na biyu, saboda harkar sayen aya da riɗi tana kai ni kasuwannin ƙauye, daga wajen Agye da Tasawa har Dakoro, kuma ba ko'ina ake samun masauki ba. Firigon mai kwamfuresa ne, wato mai inji irin na firigon gida, ƙarami, na ruwa da fura da nono da ɗan nama. Kafinta ya yi masa gida tsaf, katako ta kowane gefe, wanda ya gani sai ya yaba. Da sanyi bai taɓa ba ni matsala ba. Da Maris ya kama sai injin ya daina hutawa, ruwan kuma ba sanyin kirki. Kafin asuba batir ya yi ƙasa, firigon ya kashe kansa, nono ya wayi gari da tsami.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Firigo zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje ta ragar nan ta baya. Ragar ba za ta iya sakin zafi ba sai iskar da ke kewaye da ita ta fi ta sanyi. A Maradi watannin Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce digiri 40, mota kuma ƙarfe ce a rana. Na ajiye ma'aunin zafi a bayan kabad ɗin wata azahar, ya haura 55. Abin da mutane da yawa ba su duba shi ne ɗan allon da ke manne a jikin firigo, inda ake rubuta ajinsa. SN da N an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST ya kai 38, T kuma 43. Da yawan na hannu da ke zuwa mana daga Turai masu N ne ko SN. Ko mai T ɗin ma, ka ga 55 ta fi ƙarfinsa.

Kayan da na sayo sun zo a kwali ɗaya: fankoki biyu masu faɗin santimita 12, irin na cikin kwamfuta, a ɗaure kan firam na roba, da ɗan akwatin da ke kunna su idan zafi ya kai wani mizani, da waya mai ɗan kai da ake mannawa kusa da raga. Kowace fanka wutar da take ja ba ta kai rubu'in amfa ba, alhali kwamfuresa in yana aiki yana jan amfa 3 zuwa 5. Nan ribar take: ka kashe ɗan kaɗan a fanka don babban mai cin wutar ya samu hutu.

Mai gyaran firigon da na kai wa, wani dattijo ne da ke da rumfa a bayan kasuwa, bai ko buɗe kwalin ba da farko. Ya durƙusa ya zura hannu bayan kabad, ya zaro shi da sauri.

"Alhaji, ta ina wannan yake shan iska?"

Na nuna masa 'yan ramukan da kafinta ya huda a ƙasan ƙofa.

"Wannan ai ado ne. Ka je wajen mai walda tukuna. Rami ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, na saman ya fi kan ragar tsawo. In ka dawo sai mu yi maganar fanka."

Aikinsa ne ya fi burge ni fiye da kayan. Iska mai zafi sama take yi da kanta, don haka ya sa fankokin a ramin sama suna fitar da iska waje, ba suna hura ta ciki ba. Ramin ƙasa muka buɗe shi a daben motar, ta ɓangaren da ba salansa, domin iskar ƙarƙashin mota tana cikin inuwa kullum, kuma kada hayaƙi ya shigo inda mutum ke kwana. Sannan ya yi wani abu da ban taɓa tunani ba. Akwai fili tsakanin saman firigon da rufin kabad, da kuma gefe da gefe. Ya cike su duka da soso, ya kafa wani siririn allo a karkace daga saman firigon zuwa bakin ramin sama. Ya ce duk wani lungu da ka bari, zafi zai je ya kwanta a ciki. Ya bar tazarar kamar yatsu uku kawai tsakanin raga da bango, don iskar da ke tasowa ta bi ta jikin ragar dole, kada ta samu hanyar zillewa. Bangon motar ma ta ciki ya liƙa masa soso, saboda ƙarfen da rana ta gasa shi kansa murhu ne a bayan firigon. Da ya gama ya kunna ashana ya kashe, ya kai hayaƙin bakin ramin ƙasa, muka ga an zuƙe shi ciki. Ya sa fis a kan wayar, ya naɗe duk mahaɗa.

Bambancin ya fito tun ranar farko. Ma'aunin nan a bayan kabad ya sauko, yanzu digiri kaɗan ne tsakaninsa da iskar waje. Injin ya koma tashi da tsayawa, da dare ma ya fi daɗewa a tsaye, batir yana kaiwa safe da saura. Na yi Maradi zuwa Damagaram, wajen kilomita 240, da tsakar rana a watan Mayu, na sha ruwa mai sanyi a Takeita. Ba ƙanƙara ba ce, kuma kada wani ya yi maka alkawarinta. Idan iskar gari 44 ce, 44 ɗin fanka za ta kawo wa raga, ba ta da wata. Har yanzu in zan tsaya ina neman gindin bedi, ina juya gefen firigon ya bar rana.

Yanzu ga inda kayan suka gaza. Akwatin kunnawar an saita shi ne don ƙasashen sanyi. Yana tada fanka tun zafi bai kai na safiyar bazararmu ba, don haka daga Maris har saukar damina ba ya kashewa ko sau ɗaya, dare da rana. Ana iya juya shi, amma ko a ƙarshen juyinsa abin bai canza sosai ba. Dattijon ya cire shi gaba ɗaya. Yawancin ƙananan firigon mota suna da kwamfuresa irin Secop BD35F, wanda da ake kira Danfoss, kuma a akwatin wutarsa akwai baki mai harafin F na fanka. Duk abin da ka jona a nan yana tashi ne tare da injin, ya tsaya tare da shi. Sharaɗin shi ne jimillar abin da ke kan bakin kada ta wuce rabin amfa, in ta wuce akwatin zai tsayar da injin. Tunda firigon yana da tasa fankar a wurin, sai dattijon ya bi ta rile, wato ɗan makunnin da 'yar wutar bakin ke kunnawa, ya ɗauko wutar sababbin daga batir. Tun daga nan dare ya yi shiru, sai dai lokaci zuwa lokaci.

Gazawa ta biyu ita ce ƙura. Wanda ya ƙera kayan nan bai san hunturu ba, bai kuma san hanyar jar ƙasa ba. Ramin daben da ke kawo iska mai sanyi a tsaye, shi ke kwaso ƙura a tafiye. Cikin Disamba na leƙa na tarar ragar ta yi bargo ja, fikafikan fankokin sun yi nauyi, ɗaya ta fara kuka kamar tsohon keken ɗinki. Raga mai ƙura kusan daidai take da raga marar iska. Mun sa wayar sauro a ramin, ta hana ƙwari da ɓera, amma ƙura ko a jikinta. Soso mai kauri yana tare ƙurar, sai dai yana shaƙe iskar, ƙananan fankokin nan ba su da ƙarfin ja ta cikinsa. Abin da ya yi aiki shi ne murfi mai zamewa: in zan hau hanyar ƙauye na rufe ramin dabe, na buɗe wani ƙarami da ke jan iska daga cikin mota, in na tsaya na mayar. Duk ranar da na shiga gari kuma ina tsayawa wajen mai faci ya busa mini ragar da iskar taya, a hankali, daga nesa, kada ta lanƙwashe. Fankar da ta yi kuka na canza ta da mai boris. Ta fi tsada kaɗan, ta fi jure ƙura da zafi, kuma da ita ya kamata a sayar da kayan tun farko.

Damina ba ta dame ni ba, saboda murfin ramin sama mai leɓɓa ne masu kallon ƙasa, an zagaye shi da silikon. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, don haka in na ga ya haɗu ba na barin wannan gefen yana fuskantarsa.

Duk wannan maganar mai kwamfuresa ce. Wanda nasa mai gas ne, irin mai amoniya da ba shi da inji, fanka za ta taimake shi ma, har ma ya fi buƙatarta, domin irinsu suna saurin karaya a zafi. Amma lissafinsa daban: ramukansa biyu dole su fita waje, bayan firigon a toshe shi sarai daga ɗakin kwana saboda hayaƙin gas yana kisa ba tare da wari ba, fanka kada ta hura kan harshen wutar, motar kuma ta tsaya daidai ba a karkace ba. Dabarar jan iska daga cikin mota da nake yi a hanyar ƙauye, shi kada ya gwada ta.