Gargaɗi kan mai tallar man sanyin ƙashi a mota

Jama'ar Katsina, musamman masu tsofaffi a gida, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo da mota mai lasifika, yau ka gan shi wajen Ƙofar Ƙaura, gobe bakin Babbar Kasuwa, yana tallar wani mai cikin 'yan fararen robobi. Babu suna a jiki, babu lambar NAFDAC, babu ranar daina aiki. Wai man yana ratsa fata har ɓargo, a shafa a gwiwa a naɗe da leda a kwana.

Na buɗe robar da aka sayo wa gwaggona. Basilin ne mai warin man zafi. Da na murza tsakanin yatsu sai na ji tsaki-tsakin garin ƙwaya, har da ɓarɓashin ɓawonta mai launi. Daka ƙwayoyin ciwon jiki ya yi ya kwaɓa, shi ke nan haɗin.

To, fata ba rariya ba ce. Allah ya yi mata wani siririn ɓawo a sama, mai maiƙo, aikinsa hana abu shiga, kuma magani ba ya ƙetare shi sai ya narke sarai. Shi ya sa masu yin man shafawa na gaskiya mai diclofenac, wato maganin ciwon jiki da kumburi, irin su Voltaren, ke amfani da wani nau'in sinadarin daban da na ƙwayar haɗiya, su narkar da shi cikin isopropyl alcohol da propylene glycol, waɗanda ke sassauta ɓawon har maganin ya samu hanya. Duk da wannan wahalar, abin da ke kaiwa jini bai wuce kusan kashi 6 cikin 100 na abin da zai kai in haɗiya aka yi ba. Amfaninsa yana ga gaɓoɓin da ke kusa da fata, gwiwa da yatsu. Ƙugu ma ya yi masa nisa, balle ɓargo. Garin ƙwaya a basilin kuwa yawancinsa a saman fata zai zauna har a wanke.

Za a ce ai ana jin yana aiki. Wannan raɗaɗin da sanyi-sanyin na menthol ne da methyl salicylate, kayan man zafi, kuma da su yake cin kasuwa. Ledar ce ma ta fi ba ni tsoro. Rufe fata na jiƙa ta, ya ƙara yawan abin da take sha, har man zafi ya ƙona mutum ya tashi da bororo. In kuma an zuba man bilicin mai clobetasol a ciki, abin da ba wanda zai gane da ido, fata za ta yi ta sirancewa, nankarwa ta fito, mai ciwon suga kuma sugansa ya hau.

Wanda ya riga ya saya ya daina shafawa, ya kai robar ofishin NAFDAC. Mai ciwon gwiwa ya je asibiti ko kemis mai rajista, a ba shi mai na kwali da takardar bayani. Shi ɗin ma ba a shafa shi a kan rauni, ba a ɗaure shi da leda. Mai asma ko gyambon ciki ya faɗa wa likita tukuna, mai ciki a watanni uku na ƙarshe kuwa kada ta shafa sam.